DARASIN KIMIYYA: MAI BAYARWA DA MAI KARƁA

Darasinmu na wannan fitowa na 'yan babbar sakandare ne masu karatun kemistiri, musamman waɗanda jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato musu. Amma ƙanne da iyaye kada su tsallake shafin, don yawancin misalan daga maƙera da karofi da madafa muka ɗebo su. Kalmomi uku ne ke firgita ɗalibai a wannan babi: oksideshan, ridakshan da taitireshan. Da an ambace su sai ka ga yaro ya yamutsa fuska kamar an ɗura masa maɗaci. Alhali abin da ke ƙarƙashinsu ciniki ne kurum. Wani ya bayar, wani ya karɓa, mu kuma mu zauna mu ƙirga nawa aka bayar.

TSATSA DA TAMA

Ku bar fartanya a bayan ɗaki damina guda, sannan ku je ku duba ta. Za ku tarar ta yi ja tana ɓarɓashi. Ƙarfen ne da kansa ya haɗu da wani ɓangare na iska da ake kira oksijin, ruwa ya yi musu dillanci. Oksijin shi ne kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Wani Bafaranshe mai suna Antoine Lavoisier ne ya raɗa masa wannan suna a 1777, shi ne kuma ya nuna da sikeli cewa dalma da kuza in an gasa su cikin iska nauyinsu ƙaruwa yake yi, saboda oksijin ɗin da suka kama. Daga nan aka sami ma'anar farko: oksideshan shi ne abu ya haɗu da oksijin. Itace a murhu haka yake yi da sauri, fartanya kuma tana yi a hankali.

To, ana iya juya abin baya? Ana iyawa mana. Kakanninmu sun daɗe da sanin yadda ake yi. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tandayen narka tama na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. A Kano ma tarihi ya nuna maƙera na cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dala. Tama kusan tsatsa ce da ta kwanta a ƙasa, wato ƙarfe ne riƙe da oksijin. Sai a jera ta da gawayi cikin tanda ta yumɓu, a hura da zugazugi. Gawayin da ke ci cikin ƙarancin iska yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, ita kuwa mayunwaciyar oksijin ce, sai ta fizge wanda ke jikin tama, ƙarfe ya rage:

Fe₂O₃ + 3CO → 2Fe + 3CO₂

(Wannan iskar ce dai ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. A kiyaye da sanyin hunturu.)

Idan tamar tsantsa ce, giram 160 nata giram 112 na ƙarfe kawai zai bayar. Nauyi ya ragu. Shi ya sa Turawa suka kira wannan aiki ridakshan, wato ragewa.

Ku lura da abu guda tun yanzu, don shi ne ginshiƙin darasin duka. Oksijin ɗin da tama ta rasa bai ɓace ba, kabon monoksaid ce ta ɗauka. Ridakshan ya faru a gefe ɗaya, oksideshan ya faru a ɗaya gefen, lokaci guda, cikin tanda guda. Ba a taɓa samun ɗaya babu ɗayan. Shi ya sa littattafanku ke haɗe sunayen biyu su ce ridoks.

ABIN DA AKE MUSAYA DA GASKE

Ma'anar oksijin ta yi aiki fiye da shekara ɗari, sai aka ga ba ta wadatar ba. A 1897 J. J. Thomson na Ingila ya gano elektaron, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu cajin debewa da ke kewaye cibiyar kowace ƙwayar zarra. Sannu a hankali masana suka fahimci cewa su ne kuɗin da ake cinikin da su.

Ga misali daga madafa. Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. Yayin haɗuwarsu kowace ƙwayar sodiyam kan miƙa elektaron ɗaya ga ƙwayar kulorin. Babu oksijin ko ƙanƙani a wurin, amma abin da ya sami sodiyam daidai yake da abin da ke samun ƙarfe in ya yi tsatsa: an karɓe masa elektaron. Saboda haka ma'anar da ake so ku rubuta a jarrabawa ita ce wannan. Oksideshan asarar elektaron ce. Ridakshan ribar elektaron ce.

Wani zai ce, "Malam, yaya abin da sunansa ragewa zai zama riba?" Tambaya ce mai kyau. Elektaron cajin debewa gare shi, don haka duk wanda ya karɓe shi lambar cajinsa ƙasa take yi. Daga +3 zuwa +2 ai raguwa ce.

In makarantarku na da ɗakin gwaji, ku roƙi malami ya nuna muku wannan, gani ya kori ji. A jefa ƙusa mai tsabta cikin ruwan kofa salfet, mai launin shuɗi. Ba da jimawa ba ƙusar za ta yi ja kamar an shafe ta da tagulla, shuɗin ruwan kuma ya riƙa dushewa yana komawa kore-kore.

Fe → Fe²⁺ + 2e⁻
Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu

Biyu suka fita a layin sama, biyu suka shiga a layin ƙasa. Babu canji, babu bashi.

A nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Akan tambaye su wanne ne mai sa oksideshan, wanne ne mai sa ridakshan, sai su juya amsar. Ku tuna da kasuwa: wanda ya sa ka yi asara, shi ne ya ci riba. Mai sa oksideshan shi ne wanda ya karɓe elektaron, saboda haka shi kansa ridakshan ne ya same shi. A gwajin ƙusa, Cu²⁺ ne mai sa oksideshan, ƙarfe kuma mai sa ridakshan.

A KAROFI

Babu inda wannan ciniki ya fi fitowa fili kamar a wurin masu rini. Wanda ke Kano ya leƙa karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa tun 1498. Wanda ke wani gari ya nemi marinar da ke kusa da shi.

Shunin da ake samu daga baba yana da wani hali: ba ya narkewa a ruwa. Ka dama shi yadda ka ga dama, ka tsoma farin ƙyalle, da ka ɗauraye zai fita. To yaya aka yi rigar da aka rina shekara da shekaru take nan da shuɗinta? Dabarar tana cikin ramin. Marini kan zuba baba da toka cikin ruwa ya bar su su ruɓa. Tokar tana sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. Ƙananan halittu da ido ba ya gani suna cin abin da ke cikin ruwan, suna cinye oksijin ɗin da ke ciki, sannan su miƙa wa kowace ƙwayar shuni elektaron biyu. Da shuni ya karɓa sai ya sake kama: ya bar shuɗi ya koma rawaya-rawaya mai ratsin kore, kuma yanzu yana narkewa. Wannan ridakshan ke nan. A wannan hali ne yake ratsa zaren auduga har ciki.

Sai marini ya ɗago ƙyallen. Ku tsaya ku kalla da kyau, don abin ba ya daɗewa. Yana fitowa kore ne, amma yana shan iska sai ka ga shuɗi na bin sa. Oksijin ne ya karɓe elektaron biyun nan, shuni ya koma halinsa na da, wanda ba ya narkewa, ga shi kuma yanzu a cikin zare yake, ba hanyar fita. Oksideshan ke nan. Shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a sake tsomawa a ɗago, kowane zagaye na ƙara duhu. Kumfar nan mai shuɗi da ke saman ramin ma shunin da iska ta taɓa ne. Marini da ya dubi launin ruwa ya ce ramin ya nuna ko bai nuna ba, matsayin ridakshan yake aunawa da ido. Masu rinin zamani da ba sa son jiran ruɓa kan zuba garin da suke kira haidiro tare da soda, shi ke ba da elektaron ɗin nan take. A ganina, ɗalibin da ya tsaya rabin awa a bakin karofi ya fi wanda ya haddace ma'anoni shafi uku fahimtar babin nan.

Da kun gane shi, za ku riƙa ganinsa ko'ina. Goron da aka ɓara ya canja launi, kwanon rufi da aka shafe da zinki don zinkin ya riƙa ba da elektaron a madadin ƙarfe, batirin tocila, har abincin da ke cikinku yanzu haka.

LITTAFIN BASHI

Wani lokaci ba a gane wanda ya bayar da wanda ya karɓa da kallo ɗaya. Don haka aka ƙirƙiro lambar oksideshan. Kamar littafin bashin mai kanti take, kowa da abin da aka rubuta a gaban sunansa. Sinadarin da ke zaune shi kaɗai, kamar Fe ko O₂, lambarsa 0. Oksijin cikin haɗi yawanci −2 ne, haidirojin yawanci +1, sodiyam da fotasiyam kullum +1. In an tara lambobin haɗin da ba shi da caji dole su ba da 0, in kuma yana da caji su ba da wannan cajin.

Mu gwada da KMnO₄, fotasiyam famanganet, wanda za mu yi aiki da shi nan gaba. K yana da +1. O guda huɗu sun ba da −8. Don jimla ta zama 0, dole Mn ya zama +7. Cikin ruwa mai asid wannan Mn kan koma Mn²⁺. Daga +7 zuwa +2, ya karɓi elektaron 5 ke nan. Ku riƙe biyar ɗin nan, za ta dawo.

ƘIRGA BAƘI DA AKUSHI

A ce ana biki a gidanku, baƙi sun cika zaure, kai kuma kana cikin gida ba ka san yawansu ba. Amma ka san kowane akushi mutum biyar ne ke zama kansa, kuma wanda ya ci ba ya ƙarawa. Sai ka riƙa aika akushi ɗaya bayan ɗaya. Ana kai su ana cinyewa, har a kai wanda ba mai taɓawa. Nan ka tsaya. In akushi takwas aka cinye, baƙinka arba'in ne, ko da ba ka leƙa ba.

Wannan shi ne taitireshan. Akwai ruwan da ba ka san ƙarfinsa ba, su ne baƙin. Akwai wanda ka san ƙarfinsa sarai, shi ne akushi. Kana ɗiga na biyu cikin na farko har launi ya gaya maka an ƙoshi. Abin da ya sa dabarar ke aiki kuwa shi ne abin da muka faɗa tun a tanda: adadin elektaron da aka bayar daidai yake da wanda aka karɓa, ba ƙari ba ragi.

Kayan aikin uku ne manya. Buret doguwar gilashi ce mai zane-zanen awo, da famfo a gindi, yawanci tana cin mililita 50. Fifet siririya ce mai ciki a tsakiya, tana ɗebo awo guda tak, 20 ko 25. Sai kwalba mai faɗin gindi da ƙaramin baki, wadda ake iya juyawa ba tare da ta fantsama ba. Mililita ɗaya daidai take da cm³ ɗaya da kuke gani a takardar jarrabawa.

Mu ɗauki gwajin da aka fi yi, famanganet da ruwan Fe²⁺. Ga rabi da rabin cinikin:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O
Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻

Famanganet ɗaya biyar yake so, ƙarfe ɗaya kuwa ɗaya yake bayarwa. Sai a ninka layin ƙasa sau biyar a haɗa:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Akushi ɗaya, mutum biyar.

Famanganet launin shunayya gare shi mai duhu, Mn²⁺ kuwa kusan ba shi da launi. Saboda haka ba a bukatar ƙara wani sinadari mai nuna ƙarshe kamar yadda kuka saba a gwajin asid da alkali. Kowane ɗigo da ya faɗa kwalba launinsa ɓacewa yake yi muddin akwai sauran Fe²⁺. Da ya ƙare, ɗigo na gaba ba shi da mai taɓa shi, sai ruwan ya yi ruwan hoda mai haske. In ya tsaya haka kamar rabin minti kana juyawa, ka isa. In ya yi shunayya sosai, ka wuce gona da iri, sai sakewa.

Yanzu ga inda hannu ke cin amanar ƙwaƙwalwa. Buret da fifet ana ɗauraye su da ruwan da za su ɗauka, don ragowar ruwan wanki kada ya tsinka shi. Kwalbar ƙasa kuwa da tataccen ruwa kawai ake ɗauraye ta. In ka ɗauraye ta da ruwan Fe²⁺, ka shigo da baƙin da ba a gayyata ba. A cire mazurari daga bakin buret kafin a fara, a tabbata ba kumfar iska a ƙarƙashin famfo. A sa farar takarda ƙarƙashin kwalba don ido ya kama launi da wuri. Ido ya yi daidai da saman ruwan yayin karantawa. Kun saba karanta ƙasan lanƙwasar ruwa, amma famanganet duhunsa ba ya bari a ga ƙasan, don haka samansa ake karantawa, farko da ƙarshe duka. Kada kowa ya zuƙi fifet da baki, akwai robar da aka yi don haka.

Maganar asid kuma, masu jarrabawa na son ta ƙwarai. Salfurik asid da aka tsinka ake zubawa, kuma a zuba isasshe. In ya yi kaɗan za ka ga ruwan ya yi gurɓi launin ƙasa, famanganet ya tsaya a MnO₂, elektaron 3 kawai ya karɓa maimakon 5, lissafi ya rushe. Me ya sa ba a sa haidirokulorik asid? Saboda famanganet zai karɓi elektaron daga kuloraid ɗin da ke cikinsa ma, wato wasu 'yan cin arziki sun sa hannu a akushi, sai ƙirgarka ta fi gaskiya yawa. Naitirik asid kuma shi kansa mai karɓar elektaron ne, zai rage maka baƙin tun kafin ka fara, sai ƙirgar ta gaza.

Ana yin gwajin farko da ɗan sauri don a san inda ƙarshen yake, ba a sa shi cikin lissafi. Sannan a maimaita a natse, in an kusa wurin a koma ɗigo-ɗigo, har a sami awo biyu ko uku da suka yi kusa da juna. A rubuta abin da aka gani, da lamba biyu bayan ɗigo. Ɗalibin da ya kwafi awon maƙwabcinsa ko ya gyara nasa don ya yi kyau, ya sani cewa malamin da ya haɗa ruwan ya riga ya yi nasa awon, da shi za a gwada na kowa.

LISSAFI

Kafin lissafi, kalma ɗaya game da mol. Mai goro ba ya ƙirga ɗaya-ɗaya in ciniki ya yi girma, ƙwarya yake cewa, kowa ya san ɗari ke nan. Mol ƙwaryar masu kemistiri ce, sai dai ita 6.02 × 10²³ take ci.

A ce an ɗebi mililita 25.0 na ruwan Fe²⁺, famanganet kuma ƙarfinsa mol 0.020 ne a lita. Gwajin farko ya ba da 24.60, sauran suka ba da 24.05 da 23.95 da 24.00. Matsakaicin ukun 24.00 ne.

Mol na famanganet = 0.020 × 24.00 ÷ 1000 = 0.00048
Mol na Fe²⁺ = 5 × 0.00048 = 0.0024
Ƙarfin ruwan = 0.0024 × 1000 ÷ 25.0 = mol 0.096 a lita

In an ce a faɗa da giram, mol ɗaya na ƙarfe giram 56 ne, sai 0.096 × 56 ya ba da giram 5.38 a lita. Wanda ya manta da biyar ɗin nan, ko ya raba maimakon ya ninka, duk wahalar da ya sha a gaban buret ta tafi a banza. In ka rikice, tambayi kanka: akushi ne ya fi yawa ko masu ci?

GISHIRIN DA KE MADAFARMU

Kada a ɗauka wannan aiki ya ƙare a zauren jarrabawa. Iyayenmu sun san maƙoƙo, kumburin nan na wuya. Babban abin da ke kawo shi ƙarancin aidin ne a abinci. Abin da babba ke bukata a rana bai wuce maikirogiram 150 ba, mai juna biyu 250, wato abin da ido ma da ƙyar zai gani. Amma rashinsa ya wuce kumburin wuya. In uwa ta rasa shi lokacin goyon ciki, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma irin wannan illa ba ta gyaruwa daga baya. Saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993. Hukumar Lafiya ta Duniya na son gishirin da ya iso gida ya kasance da miligiram 15 zuwa 40 na aidin a kowane kilo.

To wa zai tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin leda gaskiya ne? Ɗanɗano ba ya nunawa, ido ba ya nunawa. Buret ce ke nunawa. Abin da ake sa wa gishiri fotasiyam ayodet ne, KIO₃. Mai awo kan narka giram 10 na gishirin a ruwa, ya ƙara ɗan salfurik asid da fotasiyam ayodaid, ya rufe ya ajiye a duhu kamar minti goma. Ruwan sai ya yi rawaya, don aidin ya fito:

IO₃⁻ + 5I⁻ + 6H⁺ → 3I₂ + 3H₂O

Ku gwada lambar oksideshan a nan ku ga abin mamaki. Aidin na cikin IO₃⁻ +5 ne, na I⁻ kuma −1, dukansu suka haɗu a 0. Ɗan'uwa ne ya ba ɗan'uwansa.

Sai a ɗiga sodiyam tayosalfet daga buret, shi ke mayar wa aidin elektaron:

I₂ + 2S₂O₃²⁻ → 2I⁻ + S₄O₆²⁻

Rawayar na dushewa a hankali, ƙarshenta da wuyar gani. Don haka in ta yi haske sosai sai a ƙara ɗan ruwan sitaci, nan take ya koma shuɗi mai duhu, a ci gaba da ɗigawa har shuɗin ya ɓace gaba ɗaya. Ba a sa sitacin tun farko, don in aidin ya yi yawa yakan manne masa ya ƙi sakin jiki da wuri. In tayosalfet ɗin mol 0.005 ne a lita, kowace mililita da ta sauka na nufin kimanin miligiram 10.6 na aidin a kilon gishiri. Mililita 3 ta ba da kusan 32, gishirin ya yi. Mililita 1 kuwa ta nuna bai kai ba, komai kyan ledarsa. 'Yan aji uku su bi layukan biyu na sama su nemo inda 10.6 ta fito. Alamar hanya: ayodet ɗaya tayosalfet shida yake ci, mol ɗaya na ƙwayar aidin kuma giram 127 ne.

Ga iyaye mata, abin da ya shafe ku a nan kaɗan ne kuma mai sauƙi. A sayi gishirin da aka rubuta yana da aidin, a zuba shi a mazubi mai murfi, kada a bar shi a buɗe cikin laima ko a bakin murhu.

AIKIN GIDA

Wannan ba ya bukatar buret. A nemi ruwan aidin na sa wa ciwo daga kemis, da ɗan sitacin guga ko gasarar koko, da kofunan gilashi, da abin ɗiga magani ko sirinji marar allura. Babba ya kasance a wurin. Aidin ɗin nan ba na sha ba ne, kuma yana ɓata tufa.

A dama sitaci kamar rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan zafi, a bar shi ya huce sarai. A zuba ruwa cokali biyar a kofin gilashi, a ƙara cokali ɗaya na ruwan sitacin, a ɗiga aidin ɗigo biyar. Zai yi shuɗi kusan baƙi. Yanzu a matse lemon zaƙi a tace, a riƙa ɗigawa ciki ɗaya-ɗaya ana juyawa ana ƙirgawa, har launin ya ɓace. Bitamin C na cikin lemon ne ya ba aidin elektaron, aidin da ya karɓa kuma ba ya rina sitaci.

A sake haɗa wani kofin daidai da na farko, ruwa ɗaya, sitaci ɗaya, ɗigon aidin ɗaya, a gwada da lemon tsami. A sake da ruwan gwaba da aka kirɓa aka tace, da na garin 'ya'yan kuka da aka jiƙa. Wanda ya kashe launin da ɗigo kaɗan shi ya fi bitamin. Sai dai a tuna cewa gwaba da kuka an tsinka su da ruwa, don haka a rubuta yawan ruwan da aka sa. Kafin ku fara, kowa a gidan ya faɗi hasashensa tsakanin lemon zaƙi da na tsami, a rubuta. Da yawa za su zaɓi na tsami, saboda sun ɗauka tsami shi ne bitamin. Ku bar kofi ya raba gardama.

Na ƙarshe, ku raba ruwan lemon zaƙi gida biyu. Ku gwada rabi nan take, ɗayan rabin ku tafasa shi minti goma a buɗe, ku cika shi da ruwa ya dawo yawansa na da, ya huce, sannan ku gwada. Ku rubuta adadin ɗigon kowanne, da bayanin wanda kuke zaton ya karɓe elektaron ɗin da suka ɓace a tukunya, ku miƙa wa malamin ajinku kafin fitowa ta gaba.